Yadda Na Kai Makoki Gidan Surukaina

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da yammacin Asabar ɗin da na tara wa surukaina 'yan zaman makoki a ƙofar gida ba, alhali ko kaza ba ta mutu ba. Matata ta ce in daina ba da labarin nan, wai ina ƙara tona wa kaina asiri. Ni kuwa na rasa wane asiri ya rage. Daga Darki har Wudil babu wanda bai ji ba, kuma kowa da gishirin da yake ƙarawa. Gara ku ji daga bakin mai abin.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Wudil, kuma a lokacin na ɗauki kaina da girma ƙwarai. Ba na dariya a aji, ba na cin gyaɗa a kan hanya, ba na kallon fim. Wannan na ƙarshen har tinƙaho nake da shi. In na shigo gida na tarar da matata Hafsatu ta ƙura wa waya ido tana share hawaye da gefen ɗankwali, sai in tsaya a kanta in ce, "Yanzu ke mutumin da aka biya ya yi kukan ƙarya, shi kike taya wa da na gaske?" Ba ta ko ɗago kai, sai dai ta ce in matsa na tare mata iska.

Ana haka sai ga wani fim ya fito da ya hana garin sakat. Labarin wa da ƙane ne, 'ya'yan wani makaɗin kukuma. Wan tun yana ƙarami yake bin uban gidajen biki, shi ke ɗaukar kaya, shi ke koyo har yatsunsa suka yi kanta. Ƙanen kuwa yawonsa kawai yake, ba ruwansa da sana'ar gidan. Ran nan ya ɗauki kukumar da wasa ya goga, sai masu wucewa suka tsaya cak. Daga nan masu biki suka koma neman ƙanen, wan ya zama ɗan kallo a sana'ar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kanta, gaba ta shiga tsakaninsu.

Ko'ina ka shiga zancen ke nan. A teburin mai shayin layinmu na Sabon Gari sai da aka kusa ba hammata iska a kan wa ke da gaskiya. Wani ɗan acaɓa ya wuce da ni ƙofar makaranta bai tsaya ba, saboda yana min bayanin cewa duk laifin uban ne. Ofishin malamai kuwa ya rabu biyu. Malamin Hausa ya ce baiwa daga Allah take, wan hassada ce kawai ke cin sa. Malamar kimiyya ta buga tebur ta ce duk wanda ya faɗi haka bai taɓa zama babba a gida ba. Ni ina gefe ina duba takardun jarrabawa ina taɓe baki, in an tambaye ni in ce, "Ni ku cire ni a cikin shirme." Amma kunnena yana wurinsu. (Ni ne babba a gidanmu, kuma ina da ƙane wanda ban taɓa ganin ya buɗe littafi ba, amma shi ke zuwa na ɗaya. Wannan ba shi da alaƙa da labarin, na dai faɗa ne.)

To, Hafsatu tana da tsohon ciki a lokacin, bayan azahar barci ke kwashe ta. Sai na fara ɗaukar wayarta in lallaɓa bayan ɗaki, in ce wa kaina zan duba ne kawai don in san abin da zan soka. Da kaɗan-kaɗan na cinye fim ɗin, ina tsaki ina ci gaba, har ya rage min ƙarshensa kawai. A nan ne wani babban aiki ya taso.

Cikin fari ne, kuma bisa al'ada gida za ta koma goyon ciki, ta haihu a Darki ta zauna har arba'in. Amma a wurin awo an ce jininta yana ɗan hawa, kada ta yi nisa da asibiti. Ita ma ba ta son tafiyar, tsoro take ji, ni ma kuma tsoron nake ji, ban dai nuna ba. Wanda zai iya ɗage al'adar mutum ɗaya ne, surukina, wanda duk muke kira Baba. Manomi ne mai ƙarancin magana, in ya ce a'a sau ɗaya an gama. Hanyar da na gani ita ce in je in nuna masa ya aurar da 'yarsa ga namiji mai natsuwa, wanda ko me ya taso ba zai ruɗe ba. Na haddace jawabina tsaf, har a gaban madubi na gwada. Ranar Asabar na zura babbar riga, na kafa hula, na ce wa Hafsatu ta ara min wayarta tawa ba caji. (Gaskiya na faɗa, ba caji. Abin da ban faɗa ba shi ne ni na ƙi sa ta.) Ta miƙo min wayar, mai riga ruwan hoda da zanen furanni, ta ce, "Malam, don Allah kar ka dawo sai da amincewarsa."

Na isa Darki bayan la'asar. Rabi, ƙanwar Hafsatu, ta fito muka gaisa, ta ce Baba yana gona amma ya kusa dawowa. Na tambayi mutanen gida ta ce kowa lafiya, sai Iya da take kwance kwana biyu ba ta jin daɗi. Iya ita ce mahaifiyar Baba, kakar matata, tsohuwa tukuf mai bakin tsiya, wadda ke kirana maigidanta tana tsokanata duk sanda muka haɗu. Rabi ta shimfiɗa min tabarma a zaure, ta ajiye ruwa, ta koma ciki.

Zaure shiru, iska na kaɗawa, ba kowa. Na leƙa hagu na leƙa dama. Na ce bari in ƙarasa ɗan abin nan in huta, na toshe kunnuwana da iyafis.

A ƙarshen fim ɗin, an kira ƙanen wani babban biki, 'yan amshinsa suka yi masa yaji suka ƙi zuwa. Ga shi a tsakiyar fili shi kaɗai da kukuma, jama'a sun fara gunaguni. Sai ga wan ya ratso taro. Kowa ya zaci dariya ya zo yi masa. Sai ya wuce bayan ƙanen ya zauna a ƙasa, ya jawo ƙwaryar kiɗa ya kifa a gabansa. Babban wa guda, magajin ubansa, ya koma ɗan amshin ƙaninsa. Ƙanen ya waiwayo ya gan shi, ya buɗe baki zai ja waƙa, murya ta ƙi fita.

Jama'a, ban san daga ina abin ya taso ba. Kafin in ankara na ɓarke da kuka. Kuma ku sani, mutumin da ya shekara da shekaru bai yi kuka ba, in ya tashi yi ba ya yin mai kyau. Kafaɗuna na rawa, hula ta karkace, majina ta sauko, ga wata shessheƙa da ke fita kamar ana jan guga a tsohuwar rijiya.

A haka Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta shigo zauren daga maƙwabta. Na fizge iyafis na cusa a aljihu.

"Malam? Lafiya?"

Na buɗe baki in ce lafiya lau, shessheƙa ta riga ni. Sai na girgiza kai, nufina ba komai. Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannuna mai furanni, wadda duk gidan sun san ta wace ce. Ta ɗora hannu biyu a ka ta faɗa cikin gida da gudu. Ko numfashi ban gama ja ba na ji salati ya tashi, sai kururuwar mata.

A nan ne malamin lissafi ya nuna gwanintarsa. Na haɗa ɗaya da ɗaya na ce shi ke nan, Gwaggo ta shiga ta tarar Iya ta cika. Kuma, Allah ya yafe min, abin da na fara ji a raina sauƙi ne. Na ce Allah mai rufin asiri, yanzu duk wanda ya ga hawayena zai ce na Iya ne. Har na ƙara sakin muryata, tunda yanzu da dalili.

Sai wayar ta ɗau ruri a hannuna, na duba na ga Rabi ce ke kira daga cikin gida. Na ce ka ji yarinta, mai tsohon ciki da hawan jini za a sanar wa mutuwa a waya? Na katse kiran ina yaba wa kaina da hangen nesa. Ashe su a ciki sun ji ƙarar wayar 'yarsu daga zaure, sun ji an katse. Kukan ya ninku.

Kafin ka ce me, maƙwabta sun fito. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka jera butoci, dattawa suka fara zama. Mata na wucewa ta gabana da mayafai suna cewa, "Sannu Malam, sai haƙuri," ina amsawa, ina mamakin yadda garin nan ya san kusancina da Iya. Limamin unguwa ya iso. Can sai ga Baba, an taro shi a hanya, fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk ƙasa. Ya jingine fartanyar ya zauna a gabana a hankali. Na durƙusa na sunkuyar da kai.

Ga inda gizo ya yi saƙar. Hafsatu 'yar fari ce, Baba bai taɓa kama sunanta ba tunda aka haife ta. Ni kuma ba zan kama sunan matata a gaban ubanta ba, balle sunan mahaifiyarsa. Kuma wa ke kiran sunan mamaci a wurin gaisuwa? Saboda haka muka shiga yi wa juna ta'aziyya, kowa da gawarsa a zuciya.

"Malam, sai haƙuri."

"Baba, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin. Ta sha jiki ne?"

Na ji tambayar banbaraƙwai, don shi ke gida ɗaya da ita, amma na ce ruɗewa ce. Sai na ga ya dace in kwantar masa da hankali irin na masu natsuwa. Na gyara murya na ce, "Ai Baba sai godiya. Ta ga jiya ta ga yau, ta ci zamaninta. Dama an daɗe ana tsammani."

Baba ya ɗago ya dube ni. Tunda nake da shi bai taɓa kallona ido cikin ido ba sai ranar. Wani dattijo a gefe ya ce, "Ku ƙyale shi, zafin rabuwa ne, bai san me yake faɗa ba." Liman ya matso ya ce, "Malam, a Wudil za a yi suturar, ko nan za a kawo ta?"

"Wudil kuma, Allah gafarta Malam? Me zai kai ta Wudil?"

Ban rufe baki ba na ji ƙarar sanda daga cikin gida, ƙwas, ƙwas, da wata murya da na sani sarai. "Ina yake? Ina maigidan nawa? Ku sake ni in gan shi!" Labule ya ɗaga, sai ga Iya, ido jawur, zani a karkace, tana miƙo hannu za ta dafa ni.

Ban san sanda na miƙe ba. Na taka babbar rigata na yi baya na zauna a kan buta, ina a'uziyya da ƙarfi. "Iya! Ba ke ce kika rasu ba?"

Ta tsaya. Kukan ya ɗauke mata ɗif. "Ni? Ni ce na rasu? Gidanku! Wallahi sai na ci tuwon arba'in ɗinka."

Baba ya ce, a hankali, "Malam, wa ya rasu a Wudil?"

"Babu kowa, Baba."

"Ita yarinyar fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Na baro ta tana cin ɗanwake."

Baba ya rufe ido, leɓunansa suna motsi. Duk abin da ya faru ranar ina iya yin dariyarsa yanzu, ban da wannan. Bawan Allah ya taho tun daga gona yana ɗauke da mutuwar 'yarsa, ya zauna yana ba ni haƙuri. Kunyar da na ji a nan ta fi duk wadda ta biyo baya.

Ya buɗe ido. "To kukan me kake yi?"

Na duba ƙasa ko za ta taimaka ta tsage, ta ƙi. Na nemi ƙarya, ko guda ba ta zo ba. Na ce, da wata 'yar siririyar murya da ban san ina da ita ba, "Fim ne, Baba."

Surukata daga ciki ta ce ita ba ta yarda ba sai ta ji muryar 'yarta. Aka kira maƙwabciyarmu a Sabon Gari ta kai wa Hafsatu waya, Rabi ta buɗe murya kowa na ji. "Inna lafiya? Ni? Wa ya ce? ... Malam ɗin? Kuka? Wane fim?" Sai ta tuntsire da dariya, irin wadda har sai da maƙwabciyar ta karɓe wayar ta ce mai ciki ta zauna kar ta faɗi.

Liman ya ɗau butarsa ya ce shi zai je ya yi shirin magariba, yana tafe yana girgiza kai. Sauran kuwa ko gezau, an riga an shimfiɗa tabarma. Baba ya ce, "Kunna mana mu ga abin da ya tara mu."

Aka jingina wayar a jikin turmi a ƙofar gida. Dattawa suka matso, mata suka cika bakin zaure. Na mayar da fim ɗin daidai wurin, na ja gefe na rantse a raina ko yanka ni za a yi ba zan ƙara zubar da ɗigo ba. Wani tsoho ya ce yaron nan bai iya riƙon kukuma ba, a zamaninsu ko awaki ba zai tara ba. Wani ya ce wan ɗan halak ne, haka ake so. Na kusa da shi ya ce ina, da uban ya yanka wa wan gona tun farko da duk ba a yi wannan wahalar ba. Gwaggo Asabe, da yake hawayenta bai gama komawa ba, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Can na lura rabin jama'ar ba wayar suke kallo ba, fuskata suke kallo. Na cije leɓe. Na karanta jadawalin sau bakwai a zuci. Wan ya ratso taro, ya zauna a ƙasa, ya jawo ƙwaryar nan.

"Ga shi nan!" in ji Iya, tana nuna ni da sanda. "Ya sake ɓallewa! Ku kawo masa tsumma!"

Da jama'a suka watse, kowa na riƙe da ciki, Baba ya kira ni zaure ya ce me ke tafe da ni. Jawabin da na haddace ya bi iska. Da wane bakin zan ce ni namiji ne mai natsuwa? Na dai ce, kaina a ƙasa, "Baba, batun haihuwa ne. An ce jininta na hawa. Asibiti ya fi kusa a can. Tsoro nake ji." Na gama na sallama, na fara tunanin yadda zan fuskanci Hafsatu hannu rabbana.

Baba ya dube ni. Sannan ya ce, "Ta zauna a Wudil."

Na ɗago.

"Na ga abin da ka yi a kan mai kukumar da ba ku haɗa komai ba. In na raba ka da ita har arba'in ban san abin da zai same ka ba, kuma ba ni da tabarmin da zan riƙa shimfiɗa wa mutane kullum. Amma Iya za ta bi ka. Ita yarinyar tana da likita. Kai ne ba ka da mai kula da kai."

Na ce ai Iya ba ta da lafiya. Daga bayan labule ta ce, "Na warke. Tunda ka kashe ni na tashi, garau nake ji."

Haka kuwa aka yi. Hafsatu ta sauka lafiya a asibiti, muka sami 'ya mace, Iya ta tare a gidana da sandarta da ƙullin goronta har aka yi arba'in. Duk wanda ya zo barka, kafin a nuna masa jaririya sai Iya ta ce a kunna fim ɗin masu kukuma a kira maigida ya zauna a gaba. Na koyi fita ta ƙofar baya da takalmi a hannu. A makaranta kuwa, ranar Litinin ina shiga ofis malamar kimiyya ta turo min hankici a kan tebur, malamin Hausa ya ce yanzu sai in faɗa musu tsakanin wan da ƙanen wa ke da gaskiya, tunda ni na fi kowa zurfafa bincike.

Darasin da na ɗauka ba mai tsawo ba ne. In kuka ya zo maka, yi abinka a gidanka a gaban matarka, ta yi maka dariyar ita kaɗai a wuce wurin. In kuwa ka tsinci kanka a zaman makoki, komai girman rigarka, kafin ka ce an daɗe ana tsammani, ja wani gefe ka tambaye shi wa ya rasu.